Daga Morai Zuwa Turai Cikin Ƙiftawar Ido

Rago ne ya kai ni Morai a hutun bazarar da ta wuce. Yayata da ke aure a can ta kira ni da daddare, muryarta tana yankewa tana dawowa, ta ce in zo in yi wa ɗana magana. Yaron yana aji biyu na babbar sakandare. Tun yana ɗan tunkiya yake kiwon wani rago, an kuma yi da shi cewa idan lokaci ya yi za a sayar a biya masa kuɗin jarrabawar fita. Yanzu ya kafe sai ya kai ragon kasuwar Talatar Mafara ya sayi babbar waya, wai tasa tana ba shi kunya a wajen wasa.

Na ce mata, "Yaya, wane irin wasa ne haka?"

Ta ce, "Ni ina na sani? Yaƙi suke yi a cikin waya, shi da mutanen da bai taɓa gani ba."

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun fi yayata sanin abin da take nufi. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin tafiyar, domin abin da na gano a Morai zai iya hana wani ɓarnar kuɗinsa.

Hanya

Na tashi daga Gusau da hantsi, domin a wannan yanki mai hankali da rana yake tafiyarsa. Motar ta bi titin Sakkwato, muka wuce Bunguɗu, muka wuce Maru, ƙasa ta bushe ƙamas, itatuwan gawo da kuka ne kawai ke tsaye a gonakin da aka girbe. Sai da muka kusa Talatar Mafara ido ya fara cin karo da kore. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Bakalori ce, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato, ruwanta kuma yake shayar da gonakin rani na Mafara da Bakura da Maradun. Shinkafa, albasa, tumatir, dankali, duk ana noma su a lokacin da sauran ƙasa ke jiran damina.

Talatar Mafara gari ne na 'yan makaranta. A nan kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau take, a nan kuma jami'ar jihar Zamfara take. Ko'ina ka duba a tasha za ka ga matashi da waya a hannu. Daga nan na hau babur zuwa Morai. Ina riƙe da wayata ina kallon sandunan sabis: huɗu a cikin gari, uku da muka fita, daga baya suka koma biyu, wani wuri ma ɗaya. Ban san cewa rabin amsar da na zo nema ce nake kallo ba.

Majalisar shagon caji

Bayan na gaisa da mutanen gida na sha fura, na tambayi inda yaron yake. Ƙanwarsa ta ce, "Kawu, in ba ka gan shi a masallaci ba, to yana shagon caji."

Shagon ɗaki ne ɗan ƙarami mai rufin kwano, da faifan sola biyu a samansa. A ciki an jera wayoyi sun fi hamsin a kan katako, kowace an manna mata lamba. A waje kuma akwai benci biyu a ƙarƙashin bishiyar dogonyaro. Nan ne majalisarsu. Na tarar da su shida, kowa ya sunkuyar da kai, manyan yatsu suna ta rawa a kan gilashi. Na yi sallama, suka amsa ba wanda ya ɗago. Sai da ɗan yayata ya gane muryata ya miƙe da sauri ya durƙusa.

Na ce su ci gaba, ni ma kallo na zo yi. Irin wasan da suke yi shi ne wanda mutane dubbai ke shiga duniya ɗaya a lokaci ɗaya ta intanet, kowa da jaruminsa da ya ƙirƙira. Jarumin yana girma a hankali: ya sami makami, ya koyi sana'a, ya tara dukiya, ya shiga ƙungiya. Irin wannan wasa ya daɗe. RuneScape ya fito a Ingila a 2001, World of Warcraft ya fito a Amurka a 2004, dukansu a kwamfuta. Daga baya irinsu suka sauko cikin waya, har suka iso benci irin wannan.

A ƙungiyarsu kowa da aikinsa. Akwai mai garkuwa da ke shiga gaba ya tare sara, akwai maharbi da ke tsayawa nesa, akwai mai magani da ke warkar da waɗanda suka ji rauni kafin su faɗi. Ɗan yayata shi ne mai magani. A ƙungiyar akwai abokinsu ɗaya a Bakura, ɗaya a Maradun, sauran kuma 'yan Masar da Turkiyya ne da wani ɗan Faransa wanda shi ne shugaba.

Ina tsaye a kansa aka shiga wani kogo. Na ga mai garkuwa yana shan duka, jininsa yana raguwa. Yaron ya danna maganin a kan lokaci, da idona na gani. Amma jarumin nasa ya tsaya cak kamar an dasa shi. Da hoton ya motsa, mai garkuwa ya riga ya faɗi, sauran suka bi bayansa. Wani gajeren saƙo ya fito a gefe da Turanci. Ban karanta shi da ƙarfi ba, amma na ga yadda fuskar yaron ta sauya.

Ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Wagga waya ta gama yayi. Sun ce in na ƙara yin haka za su cire ni."

Kowa da nasa ra'ayi

Nan fa gardama ta ɓarke. Wani dogo mai jar hula ya ce ba laifin waya ba ne, sabis ne, domin shi ma tasa da ta fi ta kowa tsada tana cijewa da magariba. Wani ya ce ai masu wasan ne ba su damu da 'yan Afirka ba, shi ya sa idan za ka shiga ake ce ka zaɓi Turai ko Amurka ko Asiya, babu Afirka a jerin. Wani ƙaramin cikinsu ya rantse cewa akwai masu sihirin kwamfuta da ke riƙe jarumin mutum har a kashe shi. Wani kuma ya ce ya ji an ce akwai manhajar da in ka sauke ta, wasa zai riƙa gudu kamar ruwa.

Mai shagon, wanda ya girme su duka, ya leƙo ya ce, "Ku taɓa bayan wayoyinku ku ji. Wanda zai soya ƙwai ya kawo."

Aka yi dariya. Ni kuwa na lura cewa kusan kowa a cikinsu yana da ɗan yanki na gaskiya, sai dai sun haɗa cututtuka uku sun ba su suna ɗaya. Na ce musu su ba ni kwana biyu mu bincika tare, kafin a ɗaura wa rago igiya.

Ina wasan yake?

Tambayar farko da na yi musu ita ce: wannan kogon da kuka shiga, a ina yake? Suka ce a cikin waya. Na ce a'a. Abin da ke cikin waya hoto ne kawai. Ainihin duniyar wasan tana cikin wata babbar kwamfuta da ba ta barci, a wani gini mai sanyi a wata ƙasa. 'Yan wasa suna kiranta saba, masu rubutun Hausa kuma sukan ce uwar garke. Ita ce alƙaliya. Ita ke yanke hukuncin wanda ya fara sara, da wanda maganinsa ya iso a kan lokaci. Idan ka danna, wayarka saƙo take aika mata, ita kuma ta duba ta maido da amsa.

Misali, wasan Albion Online na wani kamfanin Jamus ya fara da uwar garke ɗaya a Washington ta Amurka. A 2023 ya buɗe ta biyu a Singafo saboda 'yan Asiya, a 2024 ya buɗe ta uku a Amsterdam saboda Turai da maƙwabtanta. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, shi ma ya raba 'yan wasansa ne tsakanin Amurka da Turai da Asiya. Don haka mai cewa babu Afirka a jerin bai yi ƙarya ba.

Lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo shi ake kira fing, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ita ce 'yar lambar nan da ke saman gilashi, wadda takan zama kore ko rawaya ko ja. Duk sun san ta, amma ba wanda ya taɓa tambayar abin da take ƙirgawa.

Na ɗauki tsinke na zana musu hanyar a ƙasa. Saƙon yana tashi daga wayarka ta iska zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan ya bi ta wasu ƙarafan ko ta wayar ƙarƙashin ƙasa mai zaren gilashi, ya gangara kudu har Legas. A Legas ya shiga wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Akwai irinsu da dama: MainOne da ta fara aiki a 2010, mai tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, Glo-1 da ta nufi Ingila, Equiano ta kamfanin Google da ta iso Legas a 2022. Daga gaɓar Turai kuma saƙon ya ci gaba ta ƙasa har ginin da uwar garken take.

Sai muka yi lissafi, irin wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya. A cikin zaren gilashi haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, wato kilomita 200 a kowane milisakan. Mu ce daga nan zuwa Legas kilomita 1,000 ne ta hanyar da waya ke bi. Ƙara 7,000 na teku. Ƙara kamar 2,000 daga Fotugal zuwa tsakiyar Turai. Ya zama 10,000. Zuwa da dawowa 20,000. Raba da 200, ka sami milisakan 100.

Na ce, "Wannan ɗarin, ko wayar zinare ka saya sai ka biya ta. Ba kamfani ne ya ɗora maka ba, nisa ne. Shugabanku na Faransa kuwa, da yake kusa da gidan, nasa ba zai wuce ashirin ko talatin ba."

Mai jar hula ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato in na sari abokinmu na Bakura, sai saran ya je Turai ya dawo kafin ya same shi?"

Na ce haka ne. Bakura da za ka je a babur ka dawo kafin azahar, amma takubbanku a Turai suke haɗuwa.

Darasin magudanar ruwa

To amma lambar da ke wayar ɗan yayata a yammacin nan ba 100 ba ce. Tana tsalle ne tsakanin 250 da 400, wani lokaci ta haura. Ina sauran suka fito?

Mahaifinsa ne ya ba da amsar ba tare da ya sani ba. Da daddare muna zaune a tsakar gida yana ba ni labarin noman rani da ya taɓa yi a filayen Bakalori. Ya ce ruwa yana fitowa daga dam ta babbar magudana, ya rabu zuwa matsakaita, ya sake rabuwa zuwa ƙanana har ya shiga fangali. Wanda gonarsa ke kusa da bakin magudana ba ya kuka. Na can ƙarshe kuwa, idan kowa ya buɗe nasa a lokaci ɗaya, sai ya zauna yana jira, ruwan ya zo masa kaɗan-kaɗan. Ya ce shi ya sa masu wayo suke ban ruwa da asuba.

Na dubi yaron, shi ma ya dube ni. Ƙarfen sabis ɗaya yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Da magariba zuwa bayan isha'i kowa ya dawo daga gona da kasuwa, wannan yana kallon bidiyo a TikTok, wancan yana sauke wa'azi, wata tana kiran ɗanta da ke Kano ta WhatsApp. Saƙon mai magani sai ya shiga layi. Wani saƙon ma yakan ɓace a hanya sai an sake aika shi, a nan ne jarumi ke tsayawa cak sannan ya yi tsalle ya bayyana a wani wuri. Babu sihiri a ciki.

A nan akwai abin da ya kamata ku riƙe. Faɗin magudana daban, tsawonta daban. Faɗin shi ne yawan datar da ke iya wucewa a sakan ɗaya, shi ne ke sa fim ya sauka da wuri. Tsawon da jiran layi su ne fing. Wasa irin wannan ba ya cin data mai yawa a lokacin da ake buga shi, saƙonni ƙanana yake aikawa, amma yana son su je su dawo da sauri kuma a kai a kai. Shi ya sa sayen data mai yawa ba ya rage fing ko kaɗan.

Gwaji uku

Washegari bayan sallar asuba muka fita da littafi da biro. Na ce masa malamin kimiyya ba ya yarda da "an ce", sai ya auna.

Gwajin farko na lokaci ne. A kan bencin jiya, da wayar jiya, lambar ta tsaya tsakanin 150 da 170, ba ta tsalle. Ya shiga wani ƙaramin yaƙi, maganinsa ya isa a kan kari. Ya dube ni kamar na yi masa dabo.

Gwaji na biyu na wuri ne. Muka zagaya gari muna rubutawa. A cikin ɗaki mai rufin kwano lambar ta hau. A lungu tsakanin katangu ta hau. A wani fili a bayan gari inda babu abin da ya tare tsakaninmu da ƙarfen sabis, ta sauka. Muka kuma lura cewa duk lokacin da alamar 4G ta koma 3G, lambar takan yi sama nan take.

Gwaji na uku na wayar ce kanta. Muka kashe data, ya buɗe wasan ƙwallon da ba ya bukatar intanet. Da safe ya tafi sumul. Da azahar, rana ta take, muka sake gwadawa wayar tana jone da caji, sai hoton ya riƙa kakkatsewa alhali babu intanet a zancen. Wannan ita ce cutar da mai shago ya gano. Idan waya ta yi zafi, takan rage gudun injinta da kanta don kada ta lalace. Hoton da ya kamata ya sauya sau 30 ko 60 a sakan sai ya ragu, ido ya ga yana cijewa. Maganinta ba ya cin kuɗi: a cire rigar wayar, a zauna a inuwa, a daina wasa tana caji, a rufe sauran manhajoji, a rage ƙawar hoto a cikin saitin wasan. Kada kuma wanda ya sa waya a ruwa ko ya nannaɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Ga yadda za ku bambance su. Idan hoto yana tafiya lafiya amma abin da ka danna yana makara, lambar kuma ta yi ja, matsalar hanya ce. Idan lambar tana kore amma hoto yana kakkatsewa, wayar ce. Idan kuwa kowa da kowa, har na Turai, yana kuka a lokaci ɗaya, to uwar garken ce ta cika, kamar yadda kan faru ranar da aka buɗe sabon babi ko aka yi babban yaƙi. Wannan ba abin da za ka iya yi sai haƙuri.

Manhajar da aka ce tana sa wasa gudu kuwa, na ce su yi hattara. Ba wata manhaja da za ta matso da Turai kusa da Zamfara. Da yawansu talla kawai suke cika waya da ita, wasu kuma suna neman lambar sirrin mutum.

Lokacin da aka yi shiru

Da yamma na koma majalisa da sakamakonmu. Mai shagon ya saurara, sannan ya ce su yara suna kukan milisakan, shi kuwa ya ga lokacin da babu sabis ɗin ɗungurungum. A farkon Satumbar 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci a rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara jiran makonni. Ya ce a lokacin mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota zuwa Sakkwato, wasu kuma suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi. Shagonsa ya zauna babu ciniki, domin wa zai yi cajin wayar da ba ta kira?

Na ƙara musu da wani. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, cikinsu har da MainOne. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har harkar banki ta tsaya wa mutane da yawa a Najeriya. Abin da ya faru a ƙasan teku ya taɓa mai POS a kasuwar Mafara. Hanyar da jarumin wasa ke bi, ita ce kuɗin ɗan kasuwa ke bi, ita ce kuma sakamakon jarrabawarku ke bi.

Ƙaramin cikinsu ya tambaya ko za a taɓa kawo uwar garke kusa da mu. Na ce an fara. Microsoft ya buɗe manyan cibiyoyin kwamfuta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe tasa a birnin Kef Tawun a 2020, kuma wasanni irin su Dota 2 sun daɗe da uwar garke a can. Sai dai Afirka ta Kudu ma ba kusa take da mu ba. Ranar da wasanku ya sami gida a Legas, waccan ɗarin ta lissafinmu za ta koma kamar goma. Kamfani kuwa yana kai uwar garke ne inda ya ga 'yan wasa da yawa, da wutar lantarki tsayayya, da ma'aikatan da suka iya kula da ita. Na ce musu waɗannan ma'aikata daga aji irin naku suke fitowa, daga cikin waɗanda ba su gudu daga lissafi da fiziks ba.

Ranar Talata

Ranar kasuwa muka tafi Talatar Mafara ni da yaron, ba tare da rago ba. Kasuwar ta cika maƙil: buhunan shinkafa da gero, tulin albasa, kara ta dabbobi tana ta hayaniya. Muka shiga layin masu waya, ya nuna mini wadda ransa ke so. Na roƙi mai shagon ya bari mu sa layinmu a irinta da yake gwaji da ita. Hoton ya fi kyau, babu musu, launuka sun fito tar. Lambar fing kuwa kusan ɗaya ce da ta tsohuwar wayarsa da ke ɗaya hannun. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu. Bai ce komai ba, ya mayar da wayar ya yi godiya.

A hanyar komawa ya ce, "Kawu, to ai ko ban sai da rago ba, cire ni za su yi. Yaƙin ƙungiya da dare ake yi, lokacin da su suka taso daga aiki."

Gaskiyarsa ce, kuma ban ɓoye masa ba. A daren Alhamis aka yi yaƙin, lambar ta yi ja, aka sauke shi daga mai magani aka ba wani ɗan Masar. Ya ji zafi, har bai ci tuwon dare ba. Ƙanwarsa, wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, ta ce da ma datar da yake ƙonawa ya bar mata ta sauke tambayoyin jarrabawar baya. Uwarsu ta ce ta yi masa shiru.

Kafin in taho ya sami wata dabara. A irin waɗannan wasanni akwai sana'o'in da ba ruwansu da gaggawa: noma, kiwo, saran itace, fatauci daga wannan birni zuwa wancan. Wanda ya makara da rabin sakan wajen shuka bai yi asarar komai ba. Ya koma mai kawo wa ƙungiya abinci da kayan haɗa magani, yana shiga na rabin awa bayan asuba a ranakun hutu. Mahaifinsa da ya ji, ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ashe duk nisan da ka je, gona ka koma. To ga ta gaske nan tana jiranka, damina ta kusa."

Na baro Morai ranar Asabar da safe. Ragon yana ɗaure a turkensa yana cin harawa, littafin gwajinmu kuma yana hannun mai jar hula, wanda ya ce zai ci gaba da aunawa har damina don ya ga ko hadari yana taɓa lambar.

Ku ma ku gwada a garinku. Ku rubuta lambar da asuba, da azahar, da bayan isha'i, na tsawon mako ɗaya, a wurare uku daban-daban. Ku cire 100 ta nisa idan uwar garkenku a Turai take, ku ga abin da ya rage. Sannan ku kai wa malamin fiziks ku tambaye shi inda sauran suka tafi.